Katsewar Burauza daga Shafukan Intanet

Katsewar burauza matsala ce da ke faruwa idan manhajar da ake shiga intanet da ita, irin su Chrome, Firefox, Safari, Edge ko Opera, ta daina buɗe shafuka, ko dukansu ko wasu daga ciki. Wani lokaci shafin yakan yi ta juyawa har ya gaji, wani lokaci kuma saƙon kuskure ya fito nan take. Burauzar ce ke nuna alamar, ita kuma ake ɗora wa laifi, amma galibi ba a jikinta ciwon yake ba. Tsakanin mai waya da shafin da yake nema akwai hannaye da yawa, kuma ko ɗaya ya saki, farin allo ɗaya za a gani. Shi ya sa babban aikin mai gyara shi ne gano inda igiyar ta tsinke kafin ya taɓa komai.

Yadda burauza ke isa ga shafi

Da farko na'urar tana bukatar lambar adireshi ta IP, wadda rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ko kamfanin sadarwa ke ba ta. Daga nan, idan aka rubuta sunan shafi, burauza za ta tambayi tsarin DNS ya mayar mata da sunan zuwa lamba, domin kwamfutoci da lambobi suke gane juna. Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro wannan tsari a 1983. Bayan ta sami lambar sai ta ƙwanƙwasa wa uwar garken shafin, wato kwamfutar da shafin yake ajiye a kanta, ta ƙofa mai lamba 443 idan adireshin ya fara da https, ko ta 80 idan http ne. A shafukan https, uwar garken za ta gabatar da takardar shaida, burauza ta duba ko ingantacciya ce kuma wa'adinta bai ƙare ba. Sai an wuce duk wannan shafin yake fara saukowa. Duka a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ake gamawa, shi ya sa ba a lura da su sai ranar da ɗaya ya tsaya.

Tambayoyin farko

Akwai tambayoyi uku da suke rage wahala ƙwarai. Shafi ɗaya ne ya ƙi buɗewa ko duka? Burauza ɗaya ce ko kowacce a na'urar? Na'ura ɗaya ce ko duk waɗanda ke kan wannan layi?

Idan shafi ɗaya ne kawai, mai yiwuwa matsalar masu shafin ce, ko an toshe shi. Idan Firefox ta ƙi amma Edge tana aiki a kwamfuta ɗaya, to layin lafiya lau yake, sai a koma kan saitin burauzar ko manhajar tsaro. Idan kwamfutar ce duka ta ƙi alhali wayar da ke kan Wi-Fi ɗin tana buɗe shafuka, laifin na kwamfutar ne. In kuwa kowa a gidan ko ofishin ya tsaya, babu amfanin taɓa burauza. Rauta za a duba, ko a tambaya ko data ta ƙare. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a kunna hotsifot na wata waya mai layin wani kamfani daban, a haɗa kwamfutar da shi. Idan shafuka suka buɗe, an wanke kwamfutar da burauzar gaba ɗaya.

Abin da saƙon kuskure ke faɗa

Mutane da yawa ba sa karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin da ya ƙi buɗewa, alhali rabin amsar tana wurin. A Chrome da Edge, ERR_INTERNET_DISCONNECTED yana nufin na'urar ba ta haɗe da kowane layi; a nan ne ƙaramar dabbar nan ta dainoso ke fitowa a Chrome, wasan da aka saka tun 2014. DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED suna nufin ba a sami lambar sunan ba, ko dai an yi kuskuren rubuta adireshi ko DNS ya tsaya. ERR_CONNECTION_TIMED_OUT shi ne an yi sallama ba a amsa ba. ERR_CONNECTION_REFUSED kuwa an amsa, amma an hana shiga. ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED yana nuni kai tsaye ga saitin furoksi.

Lambobi irin su 404, 500, 502 da 503 wani abu ne daban. Ganin su shaida ce cewa burauzar ta isa can. 404 na nufin shafin da ake nema babu shi a wannan adireshi, sauran kuma uwar garken ce ko wata na'ura da ke gabanta take cikin matsala. In ban da duba ko an rubuta adireshi daidai, mai karatu ba shi da abin gyarawa a nan sai jira.

Agogo da takardar shaida

Cikin dalilan da suka fi ruɗa mutane akwai agogon na'ura. Kowace takardar shaida tana ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba da irin wannan takarda, alal misali, an daɗe ana ba da su na kwana 90. Burauza da agogon na'urar take auna wannan wa'adi. Idan agogon ya koma baya da shekaru, sai ta ga duk takardun ba su fara aiki ba, ta ƙi buɗe kusan kowane shafin https, ta nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID tare da gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro.

Wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutoci da waɗanda aka saya na hannu. A jikin allon cikin kwamfuta akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, yawanci samfurin CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe na'urar. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta ko babban batiri ya ƙare, kwamfutar za ta tashi da wata tsohuwar shekara. Mai ita ya gyara kwanan wata, komai ya dawo, gobe kuma a koma gidan jiya. Maganin dindindin shi ne sauya batirin, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Abin takaici, akwai kwamfutocin da aka goge duk abin da ke cikinsu aka sake saka Windows saboda wannan ɗan batiri.

Akwai kuma inda agogo daidai yake amma na'urar ce ta tsufa. A ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin wata babbar takardar tushe, wato wadda takardun shafuka da yawa suke dogara da ita, mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, sai wayoyin iPhone da ba su kai iOS 10 ba da wasu tsofaffin kwamfutoci suka daina amincewa da ɗimbin shafuka. A 2020 manyan burauzoji suka yi watsi da tsofaffin tsarin ɓoye bayanai na TLS 1.0 da 1.1. Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Na'urar da aka daina sabunta ta, shafukan da take iya buɗewa raguwa suke yi a hankali.

DNS da saitin layi

Alamar matsalar DNS ita ce layi yana nan, amma sunaye ba sa aiki. A kwamfuta ana gwadawa da umarnin ping 8.8.8.8 a tagar rubuta umarni. Idan an sami amsa, amma ping google.com ya kasa, to DNS ne. A Windows, ipconfig /flushdns yana share tsofaffin amsoshin da kwamfutar ta adana. Idan bai yi ba, ana iya sauya DNS ɗin kamfanin sadarwa da na jama'a: 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, na 2018.

Idan umarnin ipconfig ya nuna adireshin da ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta sami lamba daga rauta ba, ita ta ba kanta. Kashe rautar a sake kunnawa yakan warware wannan. Umarnin netsh winsock reset kuma yana mayar da saitin sadarwar Windows yadda yake tun asali, amma sai an sake kunna kwamfutar.

Furoksi, VPN da katangar tsaro

A nan ne aka fi samun dalilin da ya sa burauza ɗaya ke ƙi, wata na aiki. Furoksi wata kwamfuta ce ta tsakiya da ake bi ta cikinta kafin a fita intanet, kamar yadda ake yi a wasu ofisoshi da jami'o'i. Wanda ya saka saitin a wurin aiki ya dawo gida da shi, burauzarsa za ta yi ta neman furoksin da babu shi. Chrome da Edge suna bin saitin furoksi na kwamfutar, Firefox kuwa tana da nata wurin saiti daban. Manhajar VPN, wadda ke ɓoye zirga-zirgar mutum ta bi da ita ta wata uwar garke, idan aka goge ba a kashe ta da kyau ba takan bar irin wannan saura, haka ma wasu miyagun manhajoji da ke karkatar da zirga-zirgar mutum don cusa masa talla.

Katangar tsaro da antibairos su ma sukan tare burauza, musamman bayan an sabunta ta, domin sai su ɗauki sabuwar a matsayin baƙuwar manhaja. Gyaran shi ne a cire sunan burauzar daga jerin waɗanda aka yarda da su a sake saka shi. Kashe tsaron baki ɗaya a bar shi a kashe ba gyara ba ne, ko da shafukan sun buɗe.

Sai bayan an wuce waɗannan ake zargin burauzar kanta. Ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, irin masu toshe talla, su ne na farko. Tagar sirri ta Chrome ba ta kunna su sai an ba da izini, don haka idan shafi ya buɗe a can, an kusa kama mai laifi. Firefox tana da yanayin gwaji da ke kashe su duka na ɗan lokaci. Share kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza, da ma'ajiyar wucin gadi yana taimakawa idan shafi ɗaya ne ke maimaita kuskure. Goge burauza a sake saukewa shi ne abin da jama'a suka fi gaggawar yi, kuma shi ya fi ƙarancin amfani, tunda saitin furoksi da agogo da DNS duk suna nan yadda suke.

A wayar hannu

Ƙorafin da aka fi ji shi ne WhatsApp na aiki amma burauza ta ƙi. Sau da yawa datar gama-gari ce ta ƙare, ta rage wadda aka saya don kafafen sada zumunta kawai. Wani lokaci saitin APN na layin, wanda ke haɗa waya da datar kamfanin sadarwa, ne ya lalace, sai a mayar da shi na asali. A Android akwai wurin saka DNS na sirri, kuma adireshi mara kyau a wurin yana tsayar da buɗe shafuka. Wi-Fi na otal da filin jirgi yakan nuna an haɗu, amma ba ya sakin komai sai an buɗe shafin shigarsa an amince da sharuɗɗa. Opera Mini kuwa, a yanayinta na matse data sosai, ta uwar garken kamfanin Opera take ɗauko shafuka, shi ya sa takan buɗe abin da Chrome ta kasa, ko ta kasa abin da Chrome ta buɗe.

Idan matsalar daga nesa take

Akwai katsewar da babu saitin da zai gyara ta. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace na kimanin awa shida saboda kuskuren saiti a cikin kamfanin, wanda ya sa aka kasa isa ga DNS ɗinsu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, har ayyukan bankuna suka taɓu. Wani lokacin kuma da gangan ne: gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, sannan a Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Toshe shafi ɗaya ana gane shi da cewa yana buɗewa ta VPN amma ba ya buɗewa kai tsaye. Rufe layi gaba ɗaya kuwa VPN ba ta da abin yi a kansa, domin ita ma sai da layi take aiki.