Tanadin kaya domin musaya da tsira bayan rushewar tsarin al'umma

Tanadin kaya domin musaya da tsira shi ne mutum ko iyali su tara abinci da ruwa da magani da sauran kayan masarufi tun ana zaune lafiya, da nufin su ci daga ciki, su kuma yi cinikin ban-gishiri-in-ba-ka-manda da ragowar idan kuɗi ya daina aiki, kasuwa ta tsaya, hukuma kuma ta gaza. Abubuwan da kan jawo irin wannan hali sun haɗa da yaƙi, da ƙawanyar da ake yi wa birni, da hauhawar farashin da ta wuce misali, da durƙushewar bankuna, da annoba, da manyan bala'o'i kamar girgizar ƙasa. Masu wannan tanadi kan raba kayansu gida biyu: na amfanin gida, da wanda aka ajiye musamman don a karɓi wani abu a madadinsa.

Asali

Ajiye abinci saboda baƙar rana tsohon abu ne. Ƙissar Annabi Yusuf, wanda ya ba da shawarar a bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekaru bakwai na fari, tana cikin Alƙur'ani, kuma labarin ya zo a Littafin Farawa na Baibul. Sai dai wancan tanadi na hukuma ne. Wanda ake magana a kai a nan na ɗaiɗaikun mutane ne da suka ɗebe tsammani daga hukuma, kuma ya yi ƙarfi ne a Amurka a zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da magidanta suka riƙa gina ɗakunan ƙarƙashin ƙasa saboda tsoron makamin nukiliya. Matsalar man fetur ta 1973 da tsadar rayuwar da ta biyo baya sun ƙara masa magoya baya. Haka ma fargabar cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000, da rikicin bankuna na 2008, da annobar korona ta 2020 wadda ta sa aka ga kantuna wayam a manyan biranen duniya. Mabiya cocin Mormon sun daɗe suna wannan tanadi bisa umarnin shugabanninsu, har cocin yana da wuraren da ake sayar wa jama'a alkama da shinkafa da wake a rufe cikin gwangwani.

Abin da aka gani a aikace

Masu shirin ko-ta-kwana da yawa suna ɗauka cewa da zarar kuɗi ya mutu, jama'a za su koma musayar kaya da kaya har illa Masha Allahu. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Musaya zalla tana da wahala, domin sai mai gishiri da ke neman takalmi ya haɗu da mai takalmin da shi kuma gishiri yake nema, a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Masana halayyar al'umma irin su Caroline Humphrey sun nuna cewa ba a taɓa samun wata al'umma da ta dogara kacokan a kan musaya zalla ba. Abin da kan faru shi ne, mutanen da suka saba da kuɗi sai su zaɓi wani kaya su mayar da shi kuɗi, tsakanin maƙwabta da dangi kuwa a koma bashi da kyauta.

Fitaccen misali shi ne na sansanonin fursunonin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda R. A. Radford, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya da shi ma aka tsare, ya yi bayaninsa a 1945. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana raba wa kowane fursuna ƙunshi iri ɗaya: madarar gwangwani, biskit, sukari, cakulan, man shanu da taba sigari. Da farko wanda ba ya shan taba sai ya ba abokinsa ya karɓi cakulan. Ba a daɗe ba aka koma yi wa komai farashi da karan sigari, har waɗanda ba sa sha suna karɓa, don sun san za su kashe ta gobe. Sigari mai kyau sai a shanye, marar kyau ita ce ke yawo a hannu. Idan ƙunshin agaji ya yi jinkiri, mashaya suka ƙone abin da ke hannunsu, sai kuɗin sansanin ya yi ƙaranci, farashin komai ya faɗi. Ranar da sabon kaya ya iso kuma farashi ya tashi.

Abin da ya faru a Jamus daga 1945 zuwa 1948 ya fi wannan girma. Takardar kuɗin ƙasar ba ta sayen komai sai ɗan abin da aka ƙayyade wa kowa da katin rabo, don haka sigarin sojojin Amurka ta zama kuɗin kasuwar bayan fage, tare da kofi da cakulan. Mutanen birni suna cika jiragen ƙasa maƙil su tafi ƙauyuka ɗauke da dardumai da agoguna da kayan ado da tufafin ɗaurin aure, su dawo da buhun dankali ko ɗan naman alade da ƙwai. Manomi ne ke yanka farashi. A ranar 20 ga Yunin 1948 aka fito da sabon kuɗi a yankunan yamma, aka ba kowane mutum mak 40, Ludwig Erhard, jami'in da ke kula da tattalin arzikin yankunan, kuma ya janye ƙayyade farashin kaya da dama. Washegari kayan da aka ɓoye suka bayyana a tagogin kantuna, kasuwar sigari ta mutu murus. Wanda ya tara kwalaye yana jiran riba ya tashi da tabar sha kawai.

A Ajantina, ƙungiyoyin musaya sun fara ne a 1995 a garin Bernal da ke kusa da Buenos Aires. Da gwamnati ta taƙaita cire kuɗi daga banki zuwa feso 250 a mako a Disambar 2001, sai miliyoyin mutane suka kwarara cikinsu. Su ma ba musaya zalla suka yi ba, takardun shaidar ciniki suka buga suna amfani da su kamar kuɗi. Matsalarsu biyu ce. Tsofaffin tufafi da tarkacen gida sun yi yawa, amma fulawa da sukari da man girki sai an fita an saya da kuɗin gaske. Sannan aka buga takardun fiye da ƙima, ga na jabu, darajarsu ta zube, kafin ƙarshen 2002 yawancin kasuwannin sun watse.

A Sarajevo, babban birnin Bosniya, wadda aka yi wa ƙawanya daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, kuɗin Jamus ne ke ci a kasuwa, sigari da kofi kuma suna tafiya kusa da shi. A Zimbabuwe, inda aka kai ga buga takardar dala tiriliyan 100, jama'a sun koma dalar Amurka da rand na Afirka ta Kudu, gwamnati ta bi bayansu a 2009. A Rasha kuwa kamfanoni ne suka fi yin musayar: a 1998 kusan rabin cinikin masana'antu da kaya aka biya.

Irin kayan da ke karɓuwa

Daga waɗannan misalai za a ga siffofin kayan da ke shiga hannu da sauƙi. Ya kasance ƙarami, ana iya rarraba shi, ba ya saurin lalacewa, kowa ya san shi da gani, kuma yana ƙarewa, ta yadda wanda ya karɓa yau zai sake nema. Gishiri, sukari, man girki, sabulu, ashana, kyandir, batir, allura da zare, reza, maganin ciwon kai da audugar mata duk sun cika waɗannan sharuɗɗa. Kayan ɗabi'a, wato sigari da kofi da ganyen shayi da barasa, su ne ke tsada fiye da amfaninsu, saboda mai sabo ba ya haƙura. Ƙananan mazubai sun fi manya: kwalabe goma ƙanana na mai sun fi jarka ɗaya sauƙin ciniki, kuma ba sa nuna wa mai saye yawan abin da ke ɗaki.

Zinariya da azurfa suna da masoya sosai a cikin masu wannan shiri, amma aikinsu daban ne. Ana tsakiyar yunwa ba sa kai darajarsu, domin mai abinci ya san mai zobe ba shi da zaɓi, kuma ba kowa ke iya bambance ta gaske da jabu ba. Inda suke amfani shi ne wajen gudun hijira da kuma farfaɗowa bayan ƙura ta lafa. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsere daga Biyetnam ta teku a ƙarshen shekarun 1970 da zinariya suka biya kuɗin jirgi.

Akwai kuma abin musayar da ba ya ƙarewa, wato sana'a. Mai gyaran famfo ko rediyo ko keke, da tela, da ungozoma, da mai iya ɗinke rauni, suna karɓar lada a kan abin da ba a iya sace musu. Wannan ne ya sa wasu ke fifita ajiye kayan aiki da irin shuka a kan tara gwangwanaye. Shi ma irin da sharaɗinsa: wanda aka haɗa aure a kamfani ba ya maimaita kansa idan aka sake shuka 'ya'yansa, kuma na albasa kan rasa ƙarfi bayan shekara ɗaya ko biyu, alhali na tumatir yakan kai shekaru huɗu ko fiye.

Lissafi da ajiya

A nan ne buri kan ci karo da awo. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa kalori 2,100 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ga kowane mutum a rana. Idan da hatsi kaɗai za a samu wannan, ana buƙatar kamar giram 600 a rana, wato sama da kilo 200 a shekara. Iyali mai mutum shida zai buƙaci fiye da tan ɗaya, ba a sa mai da wake da makamashin dafuwa ba. Ruwa ya fi wuya. Mafi ƙarancin abin da ake ƙiyasta wa mutum a sansanin agaji domin sha da girki da tsabta lita 15 ne a rana, don haka wancan iyali zai tashi da lita 2,700 a wata. Ba wanda zai iya ajiye ruwan shekara a gida. Abin da ake ajiyewa shi ne hanyar tsabtace shi: matata, ƙwayoyin kulorin, da abin tafasawa.

Abokan gabar ajiya su ne zafi da danshi da iska da haske da ƙwari da ɓera. Hatsin da bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna, wani nau'inta kuma yana haifar da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. Busasshen hatsi da aka rufe ruf a mazubin da iska ba ta shiga yakan kashe ƙwarin cikinsa da kansa, domin numfashinsu ke cinye iskar da ta rage. Ta haka alkama da farar shinkafa kan yi shekaru ashirin zuwa talatin a wuri mai sanyi. Shinkafar da ba a cire mata dusa ba kuwa 'yan watanni take yi, saboda man da ke jikinta yana lalacewa. Gishiri da sukari da zuma ba su da wa'adi idan ruwa bai taɓa su ba. Fetur yakan fara canzawa cikin watanni kaɗan, ruwan bilic ma ƙarfinsa na raguwa cikin shekara. Game da magani, wani shiri da sojojin Amurka suka fara da hukumar kula da magunguna ta ƙasar a 1986 ya gano cewa ƙwayoyi da yawa suna aiki bayan ranar da aka rubuta a jikinsu, amma wannan bai shafi insulin na masu ciwon sukari da sauran magungunan ruwa masu buƙatar firiji ba. Dokar da gogaggu ke bi ita ce a ajiye abin da dama ake ci, a riƙa cin tsohon ana mayar da sabo a baya.

Haɗari da doka

Kayan da aka tara suna jawo ido. Wanda ke fitowa da sukari kullum a unguwar da ba kowa ke da shi ba ya sanar da kansa, shi ya sa ake ba da shawarar a yi ciniki nesa da ma'ajiya, kuma kaɗan-kaɗan. Hukuma ma kan sa hannu: gwamnatoci a lokacin yaƙi sukan haramta ɓoye kaya su koma rabo da kati, kamar yadda Birtaniya ta yi daga 1940 har zuwa 1954. A 1933 Shugaba Roosevelt ya umarci Amurkawa su miƙa yawancin zinariyarsu ga bankin tarayya a biya su da takarda. A shari'ar Musulunci an bambanta ajiyar abincin iyali, wadda ta halatta, da ɓoye abinci a lokacin ƙunci don farashi ya tashi, wanda hadisi ya yi hani da shi.

Hoton da wasu ke zanawa, na kowa ya rufe ƙofarsa ya riƙe bindiga, shi ma bai dace da abin da masu nazarin bala'o'i suka tarar ba. Tun daga 1963 da aka kafa cibiyar binciken bala'o'i a Jami'ar Jihar Ohio, bincike ya yi ta nuna cewa taimakon juna ya fi wawaso yawa nesa ba kusa ba. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995 a Japan, yawancin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gine-gine iyalansu da maƙwabtansu ne suka tono su, ba jami'an ceto ba.

Shawarar gwamnatoci

Hukumomi ba sa ce wa jama'a su shirya wa tashin duniya, amma suna so kowane gida ya iya riƙe kansa na ɗan lokaci. Amurka na ba da shawarar galan ɗaya na ruwa, kusan lita huɗu, ga kowane mutum a rana, da abincin aƙalla 'yan kwanaki. Jamus ta daɗe tana cewa kwana goma. Suwidin ta raba wa kowane gida ɗan littafin shirin ko-ta-kwana a 2018, ta sake sabunta shi a 2024, inda ta nemi tanadin mako ɗaya. A Maris na 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta nemi mazauna ƙasashenta su tanadi abin da zai ishe su awa 72. Suwizalan kuwa tana tilasta wa kamfanonin da ke shigo da kaya su ajiye sukari da shinkafa da man girki da man fetur da magunguna na watanni. A 2019 gwamnatin ƙasar ta so ta cire kofi daga jerin, bisa hujjar cewa ba ya cikin abin da rai ke buƙata, amma kamfanoni da jama'a suka ƙi, aka bar shi a ciki.