Shin mai son kai ne kullum ke rinjaye a cikin halittu?

An daɗe ana cewa a juyin halitta, wato yadda halittu ke sauyawa a hankali daga zuriya zuwa zuriya, mai son kai ne ke rinjaye, halin taimakon juna kuwa ƙarewa yake yi. Maganar tana da tushe, amma lissafin babban taro ne. A ƙaramin garke sa'a ma tana da ta cewa.

Ga gwaji: zuba farin wake 9 da ja 1 a kwano; farin su ne masu son kai, jan kuwa mai taimako. Ɗauki ɗaya ba dubawa, ga launinsa, mayar. Sake ɗaukar wani, maye gurbinsa da launin da ka gani. Ci gaba har launi ɗaya ya rage. Kusan sau 1 cikin 10 jan ke cinye kwanon, alhali bai fi farin komai ba. In taimako na jawo wa mai yinsa 'yar asara, damar yaɗuwarsa raguwa take yi, ba ta gushewa. A garken 1000 mai ja ɗaya tak kuwa, ko da ba asarar, damar jan 1 cikin 1000 ce.

A tura wa wasu su gwada.