Sauyin zamantakewa da tirjiyar da yake haɗuwa da ita

A ilimin zamantakewa, sauyin zamantakewa shi ne canjin da ke samun tsarin zaman jama'a kansa: yadda ake aure da rabon gado, yadda ake neman abinci, da wanda ke mulki da hujjar da yake mulkin da ita. Tirjiya kuwa ita ce duk abin da mutane ke yi don tare canjin ko rage masa gudu.

Ibn Khaldun

Tun kafin fannin ya sami suna, Ibn Khaldun (1332–1406), haifaffen Tunis, ya yi bayanin tashi da faɗuwar dauloli a Muƙaddima, wadda ya rubuta wajejen 1377 a wani sansani da ke cikin Aljeriya ta yau. Ginshiƙin bayaninsa ita ce asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kan da wahalar zaman jeji ke haifarwa. Masu ita sukan ci birni da yaƙi su kafa mulki. Tsara ta farko ta san yunwa da ƙishirwa, ta biyu ta tashi cikin daula amma tana jin labari, ta uku kuwa ba ta san komai ba sai jin daɗi. Daga nan sai haraji ya yi nauyi, a koma hayar sojoji, wasu masu sabon jini su taso daga jeji su karɓe. Ya ƙiyasta rayuwar daula da shekara 120, arba'in ga kowace tsara. A wajensa tarihi zagaye yake yi, kuma ƙwayar rushewa tana cikin nasarar kanta.

Masanan Turai

Juyin juya halin Faransa na 1789 da bunƙasar masana'antu su suka tilasta wa Turawa tambayar yadda al'umma ke sauyawa. Auguste Comte, wanda ya raɗa wa fannin suna a ƙarshen shekarun 1830, ya ce tunanin ɗan Adam yana ratsa matakai uku: na addini, na falsafa, sai na kimiyya. Herbert Spencer ya kamanta al'umma da jiki mai girma. Ra'ayin nan na hawa tsani ya sha suka daga baya, domin Turai ya ɗora a ƙololuwa, kuma 'yan mulkin mallaka sun fake da shi.

Karl Marx (1818–1883) ya ce rikici ne injin sauyi: masu mallakar gonaki da masana'antu a gefe guda, masu sayar da guminsu a ɗaya gefen. A wannan fahimta, mai tirjiya shi ne wanda tsohon tsari ke ciyar da shi. Émile Durkheim, a littafinsa na 1893 kan rabon aiki, ya nuna cewa a ƙauye kamanni ke haɗa mutane, a birni kuwa buƙatar juna. Idan canji ya yi sauri, ƙa'idoji su saki, mutane su rasa madafa. Max Weber ya mai da hankali kan aƙida. A rubutunsa na 1904–1905 ya danganta tashin jari-hujja da ɗabi'ar aiki tuƙuru da tsimi ta mabiya Calvin, wani malamin Kiristanci na ɗariƙar Furotesta. Har yau ana jayayya a kan wannan.

A Amurka, William Ogburn ya nuna a 1922 cewa na'ura takan riga doka da al'ada isowa.

Tirjiya

An daɗe ana ɗaukar tirjiya a matsayin jahilci, amma bincike bai goyi bayan haka ba. Daga 1811 zuwa wajejen 1816 masaƙa a yankunan Nottingham, Yorkshire da Lancashire na Ingila sun riƙa farfasa injunan saƙa da dare. Majalisa ta mai da laifin na kisa a 1812, aka kuma rataye wasu a York a 1813. Masanin tarihi E. P. Thompson ya nuna cewa abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne zaftare lada da wulaƙanta sana'a, injin kuwa shi ne abin da hannu ke iya kaiwa gare shi.

James Scott ya zauna a wani ƙauyen manoman shinkafa a jihar Kedah ta Malesiya lokacin da injin girbi ke raba talakawa da ƙwadago. A littafinsa na 1985 ya ce bore a fili ba kasafai ake yin sa ba. Makaman talaka su ne jan ƙafa, yin kamar bai gane ba, 'yan ƙananan sace-sace, da yi da mai kuɗi a bayan idonsa: "to" a baki, a'a a aikace.

A ƙasar Hausa

M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan sarautar Zazzau daga 1800 zuwa 1950, ya kwatanta tsarin Haɓe da ya saura a Abuja (Suleja ta yanzu) da na Fulani da na zamanin Turawa. Masu mulki sun canza sau biyu, amma sarautu irin su Madaki da Galadima sun wanzu, aikinsu ne ya riƙa sauyawa.

Ta fuskar tirjiya kuwa, dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, wanda Kano ta janye a 2004, wasu na danganta shi da jita-jita, wasu da rashin yarda da hukuma da ya samo asali daga gwajin wani magani a Kano a 1996.