Dokar 1962 da ta ce wa kamfanonin magani: ku kawo shaida

A ranar 10 ga Oktoba 1962 shugaban Amurka John F. Kennedy ya sa hannu a kan wani gyaran doka da ake kira Kefauver-Harris, sunan da aka ɗauko daga Sanata Estes Kefauver da ɗan majalisar wakilai Oren Harris. Dokar Amurka ce, amma ƙwayar da kake saya a kemis ɗin unguwarku, in dai ta kirki ce, akwai inuwar wannan doka a kanta, domin hukumomin magunguna na ƙasashe da yawa sun bi sawunta daga baya.

Kafin a fahimci abin da ta ce, sai an san yadda ake ciki kafin ta. A 1937 wani kamfani a jihar Tenesi mai suna Massengill ya narkar da maganin sulfa a cikin wani ruwa mai zaƙi-zaƙi, dangin sinadarin da ake zuba wa lagireton mota don kada ya daskare. An duba launinsa, an ɗanɗana, an ji ƙamshi, aka cika kwalabe aka kai kasuwa. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara. Da aka je hukunta kamfanin, sai aka tarar babu dokar da ta hana sayar da maganin da ba a gwada ba. Laifin da aka iya kama shi da shi kawai shi ne sunan da ya rubuta a jikin kwalba, wanda ke nuna akwai barasa a ciki alhali babu. Wannan abin kunya ne ya haifi dokar 1938, wadda ta ce dole kamfani ya nuna wa hukumar abinci da magunguna, FDA, cewa maganinsa ba ya cutarwa.

Sai dai dokar 1938 tana da ramuka biyu. Ba ta tambayi ko maganin yana aiki ba. Sannan idan kamfani ya miƙa takardunsa, kwana 60 suka wuce hukuma ba ta ce uffan ba, to shirun nan izini ne, sai kasuwa.

A cikin wannan tsari ne takardun wani magani mai suna talidomayid suka faɗo kan teburin Dokta Frances Kelsey a watan Satumba 1960, tana sabuwar ma'aikaciya a FDA. Kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fara sayar da maganin tun 1957 a matsayin maganin barci, ana kuma ba mata masu laulayin ciki don ya tsayar musu da tashin zuciya. An ɗauka aiki ne mai sauƙi, hatimi kawai za ta buga. Ita kuwa tana ɗaliba a Jami'ar Shikago ta yi aiki a cikin waɗanda suka binciki gubar 1937, ta san abin da ganganci ke jawowa. Ta duba ta ga shaidar da kamfanin Richardson-Merrell, mai neman izinin sayar da shi a Amurka, ya kawo ta fi kama da yabon likitoci fiye da sakamakon gwaji. Makaminta ɗaya ne: duk sanda kwana 60 suka kusa cika, sai ta rubuta cewa takardun ba su cika ba, a kawo ƙari, lissafi ya koma farko. Kamfanin ya yi ta matsa mata lamba, ta yi kunnen uwar shegu. A ƙarshen 1961 likitoci a Jamus da Ostireliya suka gano cewa maganin ne ke sa ana haifar jarirai da guntayen hannaye da ƙafafu, wasu tafin hannu a manne da kafaɗa. Jarirai sama da 10,000 abin ya shafa a duniya.

Amurka ta tsallake rijiya da baya, amma ba gaba ɗaya ba. Tun kafin izini, kamfanin ya riga ya raba ƙwayoyi sama da miliyan 2 ga likitoci fiye da 1,200 da sunan gwaji, kuma da yawa daga cikin marasa lafiyan da suka sha ba a gaya musu cewa gwaji ake yi da su ba. Doka ba ta hana hakan ba a lokacin.

To me sabuwar dokar ta ce? Babban abin da ta kawo shi ne dole kamfani ya tabbatar maganinsa yana warkar da cutar da ya ce yana warkarwa, kuma ta fayyace irin shaidar da za a karɓa: bincike isasshe wanda ƙwararru suka tsara da ma'aunin kwatanci. A sauƙaƙe, a samu rukuni biyu na marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a ba wa ɗaya sabon magani, ɗayan a ba shi tsohon magani ko ƙwayar da ba komai a cikinta, sannan a ƙirga. Dalili kuwa, yawancin ciwuka kan tafi da kansu. Mai mura da ya sha kowane irin jiƙo zai warke cikin mako guda, ya kuma rantse jiƙon ne. Masana sun san dabarar kafin nan, don a 1948 Birtaniya ta gwada maganin tarin fuka ta hanyar raba marasa lafiya bisa ƙuri'a, amma dokar 1962 ce ta mai da irin wannan gwaji sharaɗin shiga kasuwa. Daga ƙa'idojin da suka biyo bayanta aka samu matakan nan uku da ake bi har yau: mutane kaɗan don a ga ko jiki na ɗauka, sai ɗaruruwa, sai dubbai.

Abin mamaki a nan shi ne matsalar talidomayid ta cutarwa ce, ba ta rashin aiki ba, don barci kam yana sawa. Kefauver ya fara bincikensa ne tun 1959 a kan tsadar magunguna, ƙudirinsa kuma ya kusa mutuwa a majalisa. Hotunan jariran ne suka tashe shi.

Dokar ta kuma toshe ramin kwana 60: ba sayarwa sai hukuma ta ce ta yarda. Ta wajabta wa kamfanoni kai rahoton duk illar da ta bayyana bayan magani ya shiga kasuwa, ta ce tallar da ake yi wa likitoci dole ta faɗi illa kamar yadda take faɗin amfani, ta sa ƙa'idar tsabta da inganci a masana'anta. Har magungunan da aka amince da su tsakanin 1938 da 1962, sama da 3,000, aka koma aka sake dubawa, aka janye ɗaruruwa saboda ba shaidar suna aiki.

Sashen da nake gani ya fi rauni shi ne na neman yardar wanda za a yi gwaji da shi. An rubuta cewa dole a sanar da shi a nemi amincewarsa, amma aka bar wa likita ƙofa: in ya ga hakan ba zai yiwu ba, ko ba shi ne maslahar majinyacin ba, yana iya tsallakewa. Sai daga baya aka ƙara ɗaure wannan sashe.

Mutanen Kano sun san nauyin wannan magana. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu a rukunan biyu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya samu yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa iyalan na da damar ci gaba da ƙararsu a can, kuma a shekarar ne kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.