Waiwaye: Yadda lissafin jifa sama ya koma hadda

Ana ta muhawara kan ko darasin fiziks fahimta yake koyarwa ko hadda. Masu ƙorafi sukan kawo misalin dutsen da aka jefa sama: ɗalibi zai lissafa tsayin da zai kai ba kuskure, amma ka tambaye shi halin dutsen a ƙololuwa, sai ya ce jan ƙasa ya sake shi. Wannan ruɗani ba yau ya faro ba.

Aristotil ya ce iska ce ke ci gaba da tura abin da aka jefa. Filofonas na Iskandariyya a ƙarni na 6, daga baya Ibnu Sina, suka ce mai jifan ne ke zuba masa ƙarfi. Galileo a 1638 da Newton a 1687 kuwa kowane littafi ya san da su.

Inda ake tsallakewa shi ne ƙarni na 14. A kwalejin Merton ta Oxford, William Heytesbury ya rubuta a 1335 cewa abin da gudunsa ke ƙaruwa ko raguwa daidai wa daida, nisan da zai ci ɗaya ne da wanda zai ci da matsakaicin gudunsa. Wajen 1350 Nicole Oresme a Faransa ya zana hujjar: lokaci a kwance, gudu a tsaye, sai ga alwatika, girman filinta shi ne nisan. Ba su ɗora wannan kan faɗowar abubuwa ba, sai Domingo de Soto a ƙarni na 16.

Gwada ka gani. Ka jefa dutse da gudun mita 20 a sakan. Idan aka ajiye iska gefe, ƙasa na rage masa kusan mita 10 a sakan (9.8 ne, a zahiri) cikin kowane sakan, don haka bayan sakan 2 gudun ya ƙare. Matsakaicin 20 da sifiri 10 ne. Sau 2, mita 20 ke nan. A ƙololuwa gudun ne sifiri, jan yana nan daram, shi ya sa in ka zana gudun dutsen irin zanen Oresme, layin yake zarcewa ƙasa da sifiri bai karkace ba.

A ganina, tsallake wannan zane ne ya haifi haddar. Ana fara wa yaro da s = ut − ½gt² (s tsayi, u gudun farko, t lokaci, g yawan gudun da jan ƙasa ke ragewa a kowane sakan), alhali ½ ɗin nan rabin da ke cikin filin alwatika ne, kuma da wuya a nuna masa alwatikar.