Gubar dalma: waiwaye kan yaran da aka ce sun warke

Tun da aka ɗage takunkumin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, bayan shekara biyar da 'yan watanni da sa shi a Afrilun 2019, duk majalisar da ka zauna a Gusau ko ka leƙa Facebook sai ka tarar ana ta cacar baki a kan zinare, wasu na cewa arziki ne Allah ya binne mana a bar talaka ya ci, wasu na cewa ai shi ya jawo mana duk fitinar da muke ciki. Can tsakiyar musu sai wani ya tuno gubar dalma, nan take wani zai ce kai wannan ai tsohon zance ne, an yi an gama tun lokacin da ta addabi yaran ƙauyuka irin su Bagega, waɗanda kwanansu ya ƙare sun tafi, sauran an ba su magani sun warke. To wannan "sun warke" ɗin ne ya hana ni sakat, don ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma wasu daga cikin yaran da ake maganar sun zauna a benci a gabana.

Labarin 2010 kowa ya sani, ba sai na ja shi ba. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kwaso duwatsu suna kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, alhali dutsen cike yake da dalma. Agwagi ne suka fara mutuwa ba a kula ba. Sai yara suka fara amai da jijjiga, aka ɗauka sanƙarau ne ko maleriya, har likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a watan Maris, gwajin jini ya nuna dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida ana ƙirga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Na'urar gwajin da ake yawo da ita iyakarta maikirogram 65 na dalma a kowace desilita ta jini, mafi yawan yaran da aka gwada sun zarce abin da take iya karantawa. Aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu aka zuba sabuwa, Bagega sai 2013, a 2015 kuma irin haka ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ita kuwa dalma ba yau ta fara ba. Rumawa sun yi bututun ruwa da ita, a 1904 wani likita a Ostireliya mai suna Lockhart Gibson ya gano fentin gidaje ne ke sa wa yara ciwon, a 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Amurka, ba a daina shi a duniya baki ɗaya ba sai 2021 da Aljeriya ta rufe ƙofa. Wannan duk ana yawan faɗa. Wanda ban taɓa jin an ambata a musun da muke yi ba shi ne abin da ya faru a 1943, kuma ni a ganina nan ne zancen ya juya.

Kafin shekarar, abin da likitoci suka yarda da shi, suke kuma koyarwa, shi ne gubar dalma hanya biyu gare ta a jikin yaro, ko ta kashe shi, ko ya tashi garau kamar ba a yi ba. Ka ga dai daidai da zancen majalisarmu ta yau. A asibitin yara na birnin Boston akwai wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Randolph Byers, da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Elizabeth Lord, sai suka yi wani abu mai sauƙi da ba a damu a yi ba, suka bi sawun yara 20 da aka taɓa kwantarwa da gubar dalma suna ƙanana, galibi daga gwaguyar fentin gadonsu da na taga, waɗanda duk an sallame su an rubuta sun warke. Suka jira sai da yaran suka shiga makaranta sannan suka je suka ga yadda suke. Cikin 20 ɗin nan ɗaya tak ne karatunsa ke tafiya yadda ya kamata. Sha tara suna fama.

Kuma yadda suke faman shi ne abin lura. Ba kwance suke ba, ba su shanye ba, suna gudu suna wasa suna cin abinci, in ka gan su a hanya ba za ka ce komai ba, wasu ma gwajin basira bai nuna sun yi ƙasa can ba. Amma ba sa iya tsayar da hankali wuri ɗaya, a koya yau gobe ya zube, hannu da ido ba sa haɗuwa wajen kwafar rubutu ko zane, ga saurin fushi da kai duka ba tare da tunani ba. Mu nan irin wannan yaro muna da sunayensa da yawa, daƙiƙi, mai taurin kai, mara ji, wani ma a ce iska ce, a yi ta rubutun sha da bulala. Abin da mutanen nan biyu suka nuna shi ne ashe sallama daga asibiti da warkewa ba abu ɗaya ba ne, ciwon yana nan yana jira sai ranar da aka ɗora wa ƙwaƙwalwa nauyin karatu sannan ya nuna kansa. Yara 20 ba yawa ba ne, shi ya sa aka daɗe ana yi wa binciken kallon hadarin kaji, amma tambayar da ya buɗe ita ce ta ja ragamar duk abin da ya biyo baya, wato idan mai yawa tana bar wa yaro tabo, to 'yar kaɗan fa, wadda ba ta kai ta kwantar da shi ba?

Amsar sai 1979 ta fito sosai, kuma dabarar ta burge ni. Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin kamar wata guda rabinta ya bar jinin, saboda haka gwajin jini labarin kwanan nan kawai yake ba ka. Sai Herbert Needleman ya ce a tara masa haƙoran famfara na 'yan firamare a garuruwa biyu kusa da Boston, yara sama da 2,000 suka kawo, tun da haƙori yana ajiye dalmar da yaro ya sha tun yana goye. Yaran nan babu wanda aka sani da ciwon dalma. Amma waɗanda haƙoransu suka fi dalma sun yi ƙasa da maki huɗu da wani abu a gwajin basira, kuma malamansu, da ba su san sakamakon haƙoran ba, su ne dai suka fi rubuta wa rashin natsuwa da kasa bin umarni. Daga nan ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ɗauka a matsayin abin damuwa ya yi ta sauka, daga maikirogram 60 a kowace desilita ta jini a shekarun 1960, zuwa 40, zuwa 30 a 1975, 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, yanzu 3.5 tun 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Ka riƙe 3.5 ɗin nan a ranka ka tuna na'urar da ta ƙure a 65.

To me dalmar ke yi a ciki ne? Nan sai mun ɗan ratse ta wajen kwaɗi. A 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, yana ajiye zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri tana ci gaba da bugawa, sai ya gano mai taimaka masa ruwan famfo yake haɗawa da shi maimakon tataccen ruwa, da aka koma tataccen sai zuciyar ta tsaya. Ashe ɗan sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan famfon ne ke sa tsoka ta motsa. Ledar ƙarin ruwan nan da ake rataya wa mara lafiya mai ɗauke da sunan Ringer, asalinta ke nan. Daga baya aka gane kalsiyam ɗan aike ne a cikin ƙwayoyin halitta, shi ke ce wa tsoka ta tsuke, shi ke ce wa bakin jijiya ya saki saƙo zuwa jijiya ta gaba. Ita kuma dalma in ta narke a jiki kama take da shi, caji iri ɗaya, sai ta bi ƙofofinsa ta zauna a kujerarsa, kamar baƙon da ya sa rigar ɗan gida. A 1988 aka nuna wani furotin da ke jiran umarnin kalsiyam, dalma 'yar mitsitsiya wadda ba ta kai ko kusa da adadin kalsiyam ɗin ba tana iya kunna shi ba lokacinsa ba. A mahaɗar jijiyoyi kuma tana rage saƙon da ya kamata ya fita, tana ƙara wanda ke zuba haka kawai ba a aika shi ba.

Wanda ya fi shafar aikina shi ne wata ƙofa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA. Duk sanda yaro ya maimaita abu, alif ba ko biyu sau biyu, ƙofar nan ke buɗewa kalsiyam ya shiga, mahaɗar ta ƙara ƙarfi, abin ya zauna, haddar ke nan a matakin ƙwayar halitta. Tun wajen 1990 aka nuna dalma tana toshe wannan ƙofa, kuma shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗinka waɗannan mahaɗai tana yanke waɗanda ba a buƙata. In aka ɓata ɗinkin a lokacin, to da shi za a girma. Ga shi hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, in yana da ƙarancin sinadarin ayon ko ciki ba komai abin ya fi muni, kuma ita dalmar da kanta tana hana jiki ƙera jini, ka ga yunwa da guba sun haɗa kai. Manya ma ba su tsira ba, masu aiki da ita akan ga wuyan hannu ya saki ya kasa ɗagowa, ga hawan jini da ciwon ƙoda.

Maganin da aka ba yaranmu, DMSA, yana kama dalmar jini ya fitar ta fitsari, kuma wallahi ya ceci rayuka, mace-macen sun faɗi warwas bayan an fara shi, duk wanda ya yi wannan aiki sai dai mu ce Allah ya saka. Amma a 2001 an wallafa wani gwaji a Amurka kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, rabi aka ba su maganin rabi ba a ba su ba, dalmar jini ta sauka, amma bayan shekara uku basirarsu da halayyarsu ba su fi na sauran ba. A Cincinnati kuma an bi wasu yara tun suna ciki har suka girma, hoton ƙwaƙwalwarsu a 2008 ya nuna masu dalma da yawa a yarinta sashen goshi ya ragu, wurin da ke riƙe mutum kada ya aikata kafin ya yi tunani. Zancen 1943 ne dai ya dawo da hoto.

Sai kuma ƙashi, wanda shi ke tsorata ni yanzu. Tun da jiki kalsiyam ya ɗauke ta, ƙashi yake kai ta ya ajiye, a jikin babba sama da kashi 90 cikin ɗari na dalmar can take, tana iya shekaru gommai. Ranar da mace ta ɗauki ciki ko take shayarwa, jiki zai buɗe rumbun ƙashi ya ɗebo kalsiyam don jariri, dalmar ta biyo ta ratsa mahaifa. 'Yan matan da ke rarrafe a Dareta da Abare a 2010 yau sun haura sha biyar, wasu sun kai ashirin, a ƙauye kuwa ka san wannan shekarun ɗaki ne da goyo. MSF ta miƙa aikinta a 2022 bayan dubban yara sun bi ta hannunta. Mun ƙirga gawa, mun ƙirga gidajen da aka kankare, amma a duk musun zinaren nan ban ji ana tambayar ina masu ran suke ba, ajin nawa suka tsaya, wa ke gwada jininsu a awon ciki. Kuma ba a ramin haƙa kaɗai take ba, kwallin da ake rangaɗa wa jarirai wani daga dutsen dalma ake niƙa shi, ga masu fasa tsohon batirin mota a bayan gida.

Ba kowane yaro mara riƙe karatu ne dalma ta taɓa ba, yunwa na yi, maleriyar da ta hau kai na yi, aji mai yara ɗari ma na yi. Amma akwai wani dattijo da rashin tsaro ya koro daga wajen Anka, ya zo makaranta a kan ɗansa da ya maimaita aji sau biyu kuma ya fasa wa wani yaro baki a kan biro. Ya zauna ya ce, "Malam, yaron ga na buga na gaji, ko allo bai riƙe ba, ƙannenai duk sun wuce shi." Na ce, "Baba, yana ƙarami ya yi ciwon nan na dalma?" Ya ce, "Awo, ya yi, amma ai wannan ya wuce, an ba shi magani an sallame mu, hadda kati." Ya laluba aljihun 'yar-shara ya fiddo wata leda da ya naɗe ta kamar laya, ya warware ya miƙo min. Katin ya yi laushi don tsufa, a layin farko na gwajin jini an rubuta ya haura 65. Yaron na tsaye bakin ƙofa yana ta kaɗa ƙafa, ya kasa tsayawa wuri ɗaya.