Harajin mai sana'a: a kan riba yake, ba a kan ciniki ba

Daga Kasuwar Barci har kasuwar Panteka a garin Kaduna, da yawan masu sana'ar kansu sun ɗauka cewa idan hukuma ta san yawan cinikinsu na shekara, a kan wannan kuɗin za ta yanka musu haraji. Shi ya sa wasu ba sa yarda su rubuta komai.

Ba haka dokar take ba. Harajin kuɗin shiga na mai sana'a, wanda hukumar tara haraji ta jiha (KADIRS) ke karɓa a jihar Kaduna, a kan riba ake lissafa shi, bayan an cire abin da sana'ar ta ci: kuɗin hayar shago, sayen kaya, wutar lantarki, man janareta, ladan yaran shago. Kuma a sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji a kanta.

A ce tela ya yi cinikin naira miliyan 3, ɗawainiyar shago ta cinye miliyan 2. Ribarsa miliyan 1 ce. An yafe 800,000, saura 200,000, a kanta zai biya kashi 15 cikin ɗari, wato naira 30,000.

Abin da ke damuna shi ne, wanda ba ya ajiye rasit ko littafin ciniki ba shi da hujjar abin da ya kashe. Sai jami'i ya ƙiyasta masa, kuma ƙiyasin yana iya zarce gaskiya. Tikitin kasuwa kuwa da kuɗin ƙaramar hukuma daban suke, biyansu ba ya sauke wannan harajin.